Rijiyoyin Waliyyai a Ƙauyukan Ingila: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙu biyar muka zaɓo a wannan watan, dukkansu daga cikin Legas, kuma duk a kan rijiyoyi da marmaron da mutanen karkarar Ingila ke girmamawa suke. Yawancin masu tambayar suna da ɗa ko ƙani da ke karatu ko aiki a can, shi ke turo musu hotuna a WhatsApp.

Wani Alhaji mai sayar da hatsi a Agege ya rubuto: "Yarona da ke karatu a Bristol ya turo mini hoton wata rijiya mai jan ruwa, ya ce Turawa na zuwa neman tabarraki a wurin. Ashe su ma suna da irin wannan? Mene ne asalinta?"

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Suna da su, kuma ba kaɗan ba. Wadda yaronka ya gani, bisa ga kwatancen jan ruwan da kusancinta da Bristol, ita ce Chalice Well da ke garin Glastonbury a yankin Somerset. Sai dai kalmar rijiya tana iya rikita mutum. Yawancinsu ba irin tamu ba ce da ake haƙa gaba goma a zura guga. Marmaro ne, ruwan da kansa yake ɓuɓɓugowa daga gindin tudu, sai aka kewaye shi da dutse, wani lokaci a gina masa ɗan ɗaki da bai wuce girman rumbu ba.

Girmama su ya girmi zuwan Kiristanci ƙasar. A arewacin Ingila, kusa da katangar da Sarki Hadrian na Rumawa ya gina, akwai rijiyar wata abar bauta mai suna Coventina. Da aka tone ta a 1876 an kwaso kuɗin ƙarfe sama da 13,000 waɗanda mutane suka riƙa jefawa a matsayin baiko. A garin Bath kuwa an samu sama da 12,000, haɗe da wasu 'yan fallayen dalma kusan 130 da aka rubuta tsinuwa a jikinsu. Wanda aka sace wa riga ko kuɗi shi ke rubuta ƙararsa ya jefa cikin ruwan, yana neman a saka masa.

Da Kiristanci ya shigo, ba a cike rijiyoyin ba. A shekarar 601 Fafaroma Gregory ya aika wa masu wa'azinsa a Ingila cewa kada su rushe wuraren bautar da suka tarar, su fitar da gumakan kawai su mayar da wurin na sabon addini. A kan irin wannan hanya rijiyoyi da dama suka samu sunayen waliyyan Kirista, ana yi wa sababbin shiga wankan baftisma a cikinsu. Amma tsohuwar ɗabi'a ba ta mutu da wuri ba, domin wajen 1020 sai da Sarki Canute ya kafa dokar hana bautar rijiyoyi da duwatsu da itatuwa. Ba a kafa doka a kan abin da ba a aikatawa.

Babban bugu ya zo ne a zamanin Sarki Henry na Takwas, lokacin da Ingila ta ɓalle daga Cocin Katolika. A 1538 wani jami'i mai suna William Bassett ya je rijiyar St Ann a Buxton, ya ɗauke mutum-mutumin waliyyiyar, ya kwashe sandunan da guragu suka rataye a wurin don shaidar sun warke, ya garƙame ƙofa. Bayan haka sai sha'anin ya sake riga: likitoci suka karɓe wasu rijiyoyin, suka daina cewa albarkar waliyyi, suka koma cewa sinadarin ruwa.

Ita Chalice Well, labarin da ake bayarwa shi ne wai wani almajirin Annabi Isa (AS) ya binne ƙoƙon da aka sha jibin ƙarshe da shi a gindin tudun, shi ya sa ruwan ya yi ja. Tatsuniya ce. Mu da muka san Kusugu ta Daura da macijinta mun san yadda gari ke ɗora tarihinsa a bakin rijiya. Tun 1959 wata gidauniya ce ke kula da wurin.

Wani mai haƙa burtsatse daga Mile 12 ya ce: "Ni abin da ya dame ni shi ne launin. A Ajah da Lekki muna haƙa ruwa ya fito garau, kafin gobe ya koma ja. Shin abu ɗaya ne? Kuma me ke sa wani marmaron ya fito da ɗumi?"

Malam, ka riga ka amsa rabin tambayarka. Abu ɗaya ne: ƙarfe. A ƙarƙashin ƙasa inda iska ba ta kaiwa, ƙarfen yana narke cikin ruwa, ido ba ya ganinsa. Da ya fito ya haɗu da iska sai ya yi tsatsa, ya kwanta a jikin dutse ko tanki. Shi ya sa in aka tari ruwan Chalice Well a kofin gilashi fari ne tas, duwatsun da yake bi ne suka rine. Ƙarfen da bai wuce miligiram 0.3 a lita ɗaya ba ya isa a ji shi a harshe, ya kuma ɓata farar shadda a wanki. Marmaron yana fitar da wajen lita 110,000 a rana, sanyinsa yana tsaye a digiri 11 rani da damina.

Abin sha'awa, da mutum zai tsallaka ɗan siririn titin da ke gefen wannan rijiya, zai tarar da wani marmaron da ake kira White Spring. Shi ba ƙarfe ya ɗauko ba, farar ƙasa ya ratso, don haka farin ɓawo yake bari kamar wanda ake gani a gindin butar shayi. Tudu ɗaya, taku kaɗan tsakaninsu, amma kowane ya bi ta jikin dutse dabam.

Yadda marmaro ke samuwa kuwa, ka san shi daga aikinka. Ruwan sama yana nutsewa cikin dutse mai shan ruwa, alli ko farar ƙasa, ya yi ta gangara har ya ci karo da shimfiɗar yumɓu da ba ta barinsa wucewa. Sai ya kwanta a kanta ya bi gefe, inda tudu ya yanke ya fito. Wannan ne dalilin da ƙauyuka da yawa a kudancin Ingila suke jere a gindin tudu kamar an ja musu layi. Layin ruwan suka bi.

Ɗumi kuma daga zurfi yake. Duk kilomita ɗaya da aka nutsa cikin ƙasa, zafi yana ƙaruwa da wajen digiri 25 zuwa 30. Ruwan da ya nutsa sosai sannan ya samu tsaga ya hauro da sauri, bai samu damar hucewa ba. Na Buxton yana fitowa a wajen digiri 27, kuma masana sun ƙiyasta ruwan saman da ya zuba kimanin shekara 5,000 da suka wuce ne. Na Bath ya kai digiri 46, sama da lita miliyan ɗaya kowace rana. Wikki ta Yankari tana wajen digiri 31, ka ga ta fi Buxton ɗumi. Wanda ke Legas yake son ganin irin wannan ba sai ya nemi biza ba, Ikogosi a jihar Ekiti tana nan, inda mai ɗumi da mai sanyi ke haɗuwa.

Ga abokan cinikinka na Ajah: a sa ruwan ya zubo ta bututu mai hudoji daga sama domin ya sha iska, a bar shi ya kwana a tanki na farko, sannan ya ratsa yashi da tsakuwa zuwa na biyu. Inda ake yawan kuskure shi ne a tura shi kai tsaye cikin matata tun bai sha iska ba. Ƙarfen narkakke ne, zai wuce abinsa, ya je ya yi ja a tankin sama.

Wata Hajiya daga Idi-Araba ta ce: "'Yata ma'aikaciyar jinya ce a Manchester. Ta ce za ta zo mini da ruwan wata rijiya da ake cewa yana maganin ciwon ido da na gwiwa. In sha? In ɗiga a ido?"

Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. A ido kam, kada ki ɗiga ko kaɗan. Gaskiya ne rijiyoyi da yawa a Ingila sun yi suna da maganin ciwon ido, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. A zamanin da mutane ke kwana cikin hayaƙin murhu suna wanke fuska da ruwan kududdufi, wanda ya wanke idonsa kwana uku da ruwan marmaro mai sanyi dole ya ji sauƙi. Yau ido yana da maganinsa a asibiti, kuma ruwan da ba a dafa ba yana iya ɗauke da ƙwayar da ke cin baƙin ido. Jan ido ko hazo-hazo a shekarun manya yana iya zama hawan jinin ido ko yanar ido, waɗanda jinkiri ke ɓata su. Ga asibitin koyarwa nan a unguwarku.

Batun sha kuma ya danganta da wace rijiya ce, domin ba ɗaya suke ba. In ta Buxton ce, wadda tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa daga Manchester, ruwanta daga can ƙasa mai nisa yake taso, yana zuba ta famfo a tsakiyar gari, mutane na cika jarkoki kyauta dare da rana. Daga wannan tushe ne ma ake ɗura ruwan kwalba mai sunan garin. Amma ƙaramar rijiyar da ke tsakiyar makiyaya, wannan wani zance ne. Ruwanta na sama-sama ne, kuma tumaki da shanu suna kiwo a kan tudun da yake fitowa.

Abubuwa huɗu ke ɓata irin wannan ruwa. Akwai ƙwayoyin cuta daga kashin dabbobi masu sa gudawa, ciki har da wata mai suna Cryptosporidium wadda sinadarin kulorin ba ya kashe ta yadda ya kamata. Akwai cutar fitsarin ɓera, wadda ke shiga ta rauni ko ido ko baki a ruwan da ke kwance. Waɗannan biyun tafasawa tana maganinsu: ruwan ya tafasa sosai yana juyawa na cikakken minti ɗaya. Sauran biyun wuta ba ta taɓa su. Ɗaya shi ne ragowar takin zamani da ke tsiyayowa daga gonaki, wanda bai kamata ya wuce miligiram 50 a lita ba, kuma haɗarinsa ya fi yawa ga jaririn da bai kai wata shida ba. Ɗayan shi ne dalma da sauran guba daga tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai, waɗanda suka cika yankunan Cornwall da Derbyshire. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Tafasa irin wannan ruwa ƙara masa ƙarfi take yi, domin ruwan ne ke tafiya a tururi, gubar ta zauna.

Kuma ido ba ya gane ko ɗaya. Tuddan Malvern sun yi suna da ruwa mai tsabta tun ƙarnoni, har likitoci suka buɗe gidajen jinya da ruwa a can a 1842, amma duk da haka an sha kafa sanarwa a bakin famfunan cewa a dafa kafin a sha saboda gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta. A Bath, a 1978, wata yarinya ta rasu da wani nau'in sanƙarau bayan ta yi iyo a ruwan, sanadin wata ƙwaya da ke son ruwan ɗumi, sai da aka rufe wurin wanka. Sunan waliyyi a jikin dutse ba ya tace ruwa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar E. coli, mai nuna kashi ya shiga ruwa, ko guda a cikin mililita 100, kuma ɗakin gwaji ne kawai ke iya faɗin haka.

In 'yarki ta nace za ta kawo, ga sharuɗɗa. Ta tara daga bakin bututun da ruwa ke zuba, ba daga kwarmin da ya taru ba. Kada ta ɗiba cikin kwana biyu zuwa uku bayan ruwan sama mai ƙarfi, lokacin ne ƙazantar makiyaya ke sauka. Sabuwar kwalba ta cika har wuya, ta naɗe a leda biyu, ta sa a akwatin da za a auna, ba jakar hannu ba. Da ya iso ki tafasa. In kin ga jan gari ya kwanta a gindi, ƙarfe ne. Gwiwa kuwa, abin da masu zuwa Buxton da Bath suka amfana da shi zama cikin ruwan ɗumi ne, ba shansa ba, kuma wannan baho da tawul a gida za su ba ki.

Wani ɗalibin Islamiyya daga Alaba Rago ya tambaya: "Na ga hoton bishiya an ɗaɗɗaure ta da tsummoki a bakin rijiya. Me ake nufi? Ya halatta Musulmi ya je wurin?"

Wannan al'ada ta fi ƙarfi a Cornwall, can ƙuryar kudu maso yamma, kuma wadda ta fi shahara ita ce rijiyar Madron kusa da garin Penzance. Mara lafiya zai yagi ƙyalle daga tufarsa, ya tsoma a ruwan, ya shafa inda ke masa ciwo, ya ɗaure a reshe. Imaninsu shi ne yadda ƙyallen ke ruɓewa haka ciwon zai tafi. Wasu kan lanƙwasa allura su jefa. Yanzu da yawancin yadi ya zama na roba ba ya ruɓewa, yana shaƙe reshe, tsuntsaye na maƙalewa, sai masu kula da wuraren su bi suna kwancewa. Masu buga kuɗin ƙarfe cikin ɓawon itace su ma kashe bishiyar suke yi sannu a hankali.

Game da hukunci, ɗan'uwa, ka san hadisin Zatu Anwaɗ da Tirmizi ya ruwaito: a hanyar Hunaini wasu sababbin shiga Musulunci suka ga magaryar da mushrikai ke rataye makamansu don neman albarka, suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya sanya musu irinta, ya tsawatar musu. Ɗaura ƙyalle ko jefa kwabo da nufin samun biyan buƙata ya faɗa ƙarƙashin wannan. Zuwa kallon gini da sanin tarihi daban ne, shan ruwa don ƙishi ma daban ne. In zuciyarka ta yi maka wasi-wasi, ka zauna da malaminka kafin tafiya. In ka je ka tarar da masu ibadarsu, Kirista ne ko masu farfaɗo da addinin gargajiya, ba su wuri, kada ka ɗauke su hoto ba izini, kada ka taɓa abin da suka ajiye.

Wata malamar firamare a Obalende ta rubuto: "Na ga wasu manyan alluna da aka yi wa zane da furanni aka kafa a bakin rijiya. Ina so in gwada da ɗalibaina, kuma ƙanina zai je Derbyshire a watan Mayu. Yaya ake yi, a ina zai gani?"

Malama, wannan ita ce al'adar yi wa rijiya ado, kuma ƙaninki ya dace da lokaci. Daga Mayu zuwa Satumba ƙauyukan Derbyshire suna yi bi da bi. Mafi suna shi ne Tissington, inda ake ƙawata rijiyoyi shida a ranar Alhamis ta kwana arba'in bayan Ista. Mutanen garin suna danganta farkonta da godiya, wasu su ce don tsira daga annobar 1348, wasu su ce don rijiyoyinsu ba su ƙafe ba a farin 1615.

Aikin yana farawa da katako. Ana jiƙa allon a tafkin gari kwanaki, har ya ƙoshi da ruwa. Wannan matakin ne masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ke kashe aikin, domin busasshen katako yana tsotse ruwan yumɓu, kafin kwana biyu ya tsattsage. Allon yana da baki kewaye kamar faranti, an kuma bubbuga masa ƙananan ƙusoshi da kawunansu a waje don su riƙe yumɓun idan an tayar da shi tsaye. Ana kwaɓa yumɓu da ruwa da ɗan gishiri, a tattake da ƙafa kamar yadda magina ke yi, a tsince tsakuwa, har ya yi laushin man shanu. A shafe allon kaurin inci ɗaya a daɓe shi sumul. Ga allo mai tsawon santimita 90 da faɗin 60, yumɓu wajen lita 14 ya isa, bokitin lita 10 ɗaya da rabi ke nan.

Sai a shimfiɗa takardar zane a kai, a bi layin da allura ana hudawa, a ɗage takardar. A bi hudojin da baƙin zare ko ƙananan iri a fitar da iyakoki. Kayan da ba sa yaushi su ake fara dannawa, ɓawon itace, iri, gansakuka. Furanni sai kwana biyu ko uku na ƙarshe. Fallen fure ɗai-ɗai ake sawa, daga ƙasa zuwa sama, na sama yana hawa kan na ƙasa kamar baibayar jinka, don ruwan sama ya zame bai shiga ba. Wanda ya fara daga sama, ruwan farko zai kwashe masa aiki. Ba a sa gam, danshin yumɓu ne ke riƙe komai. A can yakan yi mako guda kafin ya fashe.

A Legas rana ta fi zafi, don haka ku yi da damina, a inuwa, kuna fesa masa ruwa kaɗan safe da yamma, da dare ku rufe da jiƙaƙƙen buhu. Kayan suna kasuwa: zoɓo don ja, gero da riɗi don ruwan ƙasa, farin wake, jar masara, ɓawon ƙwai, gawayi. Dagin Arewa ko zanen bangon gidan sarauta zai zauna a kai da kyau, yara kuma za su iya raba shi gida-gida. Tururuwa za ta biyo hatsin, sai ku ɗora ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu ruwa.

Shi kuma ƙaninki, in yana son ya ga ƙananan rijiyoyin da ba su da allon talla, ya nemi taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswirar Birtaniya, mai ma'aunin 1:25,000. Shuɗin harafin W rijiya ce, Spr marmaro ne, ɗigo-ɗigon kore kuma hanyar ƙafa ce da doka ta ba kowa damar bi ko da ta ratsa gonar wani. Ya tsaya kan hanyar, ya mayar da ƙofar shinge yadda ya same ta, ya kauce wa saniya mai ɗan maraƙi. Dogon takalmin roba dole ne, bakin marmaro caɓi ne ko da bazara, dutsen kuma santsi gare shi. In ya dawo masauki ya duba ƙafafunsa da bayan gwiwa saboda kaska, domin ta can tana ɗauke da cutar Lyme. In ya samu ta maƙale, ya kama ta da hantsaki dab da fata ya ja a miƙe, kada ya matse cikinta.